Baffa ya ce ni yaro ne, Inna kuma ta daina yi mini magana

Assalamu alaikum Baba. Shekarata 24, a Mabera nake cikin garin Sakkwato. Na gama digiri, na gama bautar ƙasa bara, aiki shiru. Mahaifinmu ya rasu shekara biyu ke nan. Ya bar Inna, da ni, da ƙanena namiji ɗaya, da ƙannena mata uku. Sana'arsa albasa ce, yana saye yana ajiyewa yana lodi zuwa Kudu. Wurin ajiya da jari duk suna hannun ƙanensa, har yau ba a raba gado ba. Baffa ne ke aiko mana da kuɗin cefane duk Juma'a. Da na ce ya ba ni jarin in juya, sai ya ce mini a gaban yaran aiki: "Mi kas sani ga albasa? Kai har yanzu yaro na."

A majalisarmu "ɗan Inna" suke kirana, don ni ke kai mata niƙa, ni ke nemo ruwa in famfo ya ɗauke. Suka ce namijin da ba a tsoronsa a gida hoto ne. Ina kuma kallon wasu a TikTok masu cewa namiji ba ya kuka, ba ya shawara da mace. Sai na daina zuwa aiken, na fara ɗaure fuska. Makon jiya ƙanwata mai shekara 19 ta dawo daga makaranta bayan magariba, na tambaye ta daga ina, ta ce in bari ta huta tukuna, na mare ta. Ashe abin hawa ta rasa, da ƙafa ta tako. Inna ta ce: "Ubanka bai taɓa ɗaga hannu ga ɗiya mace ba cikin gidanga." Tun ranar gaisuwata kawai take amsawa.

Yanzu ina tunanin in yi aure, ko Baffa da kowa su san na girma. Akwai wadda nake so. Da dare kuma in na tuna mahaifinmu sai hawaye, in ji kunyar kaina. Don Allah, ta yaya zan zama namiji a gidanmu?

Ɗanka daga Mabera

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya haskaka kabarinsa, Ya albarkaci bayansa.

Na lura da yadda ka jera damuwarka: maganar Baffa ka sa a gaba, marin ka tura shi can ciki, ka ba shi layi biyu. Ni da marin zan fara, domin shi ne wutar da ke ci a gidanku yau.

Yarinya ta tashi daga makaranta, ta tsaya bakin titi har rana ta faɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da kuɗin kabu-kabu ya koma. Ta tako da ƙafa, a garin da kwalta ke riƙe zafi har bayan isha'i, ta iso da ƙura har gwiwa, abin da ya tare ta a zaure tafin hannun yayanta ne. Abin da Inna ta gani ke nan. Mace ce da ta rasa miji, ta zuba wa babban ɗanta ido ta ga ko zai tsaya inda uban ya tsaya, sai ta wayi gari da baƙo a gidanta.

Nana A'isha ta ce Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba; hadisin na cikin Sahihu Muslim. Dukan fuska kuwa hana shi ya yi ƙarara. Abin da fiƙihun Malikiyya ya ba ka a kan ƙanwarka walicci ne ranar aurenta, har ma kana gaban Baffa a layi, ko da yake a al'adarmu akan bar wa baffanni don girmamawa. Shi ma waliccin naka babu tilas a cikinsa, sai da yardarta. Mari bai shigo lissafin ba ko kaɗan.

Ka je ka ba ta haƙuri, kuma ka san yadda ake bayarwa. Kada ka tura saƙon waya, kada ka sayo tsire ka ajiye mata bakin ɗaki ka ce ai ta gane. A gaban Inna da ƙanne aka yi marin, a gabansu za ka zauna ƙasa, ka kira sunanta, ka ce na zalunce ki, ki yafe mini, in kina son ramawa ga kuncina. Kada ka haɗa da "amma ke ma". Wannan "amma" ita ke kashe yawancin ban-haƙurin maza. In ta yi shiru ta tashi, ka ƙyale ta, ba dole ne ta yafe a ranar da kai ka zaɓa ba. Sannan ka san ranakun da take tashi a makare, ka ari babur ko ka taka ka je ka taho da ita. In tsoron abin da zai same ta a hanya da dare ne ya tunzura ka, kuma ina kyautata zaton akwai wannan a ciki, to ta nan ake bi da irin wannan tsoron.

Inna kuwa kada ka dame ta da magiya. Gobe bayan asuba ka ɗauki jarkoki ka nemo ruwa, ka tambayi ina niƙan. Wataƙila ta yi mako ba ta tanka ba. Uwa ta fi jin ƙarar ruwa a bakin randa fiye da rantsuwa.

Mu zo kan 'yan majalisa. Ba ni da gaba da majalisa, ni ma ina da tawa, a kan wani benci da ya girme ka, kuma saurayi na buƙatar sa'o'insa. Amma ka yi mini lissafi: cikin masu ce maka ɗan Inna, mutum nawa ne tukunyar gidansu ke jiransu? Nawa ne suka san kuɗin mudun gero a makon nan? Da yawansu in sun tashi daga shan shayi gida za su koma, su buɗe kwanon da uwa ta rufe musu, tuwon da wani yaro ya kai niƙansa. Mai ci daga hannun uwa yana yi wa mai yi mata aike dariya. To wane ne ɗan Inna a cikinku?

An tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi sai ya fita. Bukhari ya ruwaito. A Hudaibiyya kuma, shekara ta 6 bayan hijira, da sahabbai suka yi nauyin jiki wajen yanka da aski saboda baƙin cikin sharuɗɗan sulhu, shawarar matarsa Ummu Salama ya bi: ya fita bai yi wa kowa magana ba, ya yanka hadayarsa, aka yi masa aski, sai kowa ya miƙe ya bi. Ka kai wa majalisa waɗannan biyun ka ga wanda zai yi dariya. Su kuma na TikTok kasuwarsu suke ci, kuma magana mai zafi ta fi saurin yawo. Wasunsu ma zancen wasu can Amurka da Ingila suke juyowa da Hausa, su ɗaura masa rawani. Minti ɗaya suke nuna maka, ba ka taɓa ganin cikin gidajensu ba.

Tsoro abu ne mai araha, ɗana. Mahaukacin kare ma ana tsoronsa. Gidan da ake tsoron mutum, daina gaya masa gaskiya ake yi. In wani ya fara tare ƙanwarka a hanya ba za ta faɗa maka ba, in ƙanenka ya fara bin 'yan shaye-shaye kai ne na ƙarshen ji. Mu nan ƙasar 'yan kokawa da 'yan dambe ce, mun san darajar ƙarfi, kuma da misalin kokawar Annabi (SAW) ya yi mana magana: mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. A zauren gidanku ranar nan kai aka kayar.

Tambayarka ta ainihi kuwa, akwai aya ta 6 a Suratun Nisa'i da ta dace da kai da Baffa. Allah Ya ce a jarraba marayu har su isa aure, in an ga shiriya a tare da su sai a miƙa musu dukiyarsu. Kalmar Larabcin ita ce rushdu. Ka ga an raba abu biyu. Balaga da kanta take zuwa: murya ta buɗe, jiki ya canza, ko mutum ya so ko bai so ba, kuma malamanmu na Malikiyya suka ce ko alama ba ta bayyana ba, shekara 18 ta wadatar. Daga nan alƙalami ya hau kan mutum. Rushdu kuwa ba ya tsirowa a haɓa. Malamai suka fassara shi da iya riƙon dukiya ba tare da ɓarna ba, kuma jarrabawa ake yi a gano shi: a ba yaro kaɗan, a ga yadda ya yi, a ƙara masa. Shi Bahaushe ke nufi in ya ce wane ya yi hankali. Akwai mai furfura da bai kai nan ba, akwai ɗan shekara 17 da ya kai.

Bari in ba ka nawa labarin, wanda ba na jin daɗin tunawa. Ina sabon malamin firamare mahaifinmu ya kwanta ciwon ajali. Baduku ne. Ni ne babba, ni ne mai boko, ni ne mai albashi da agogon hannu. Ƙanena bai wuce makarantar allo ba, yana gindin tsoho yana yankan fata. Na riƙa shigowa gida ina ba da umarni: a share nan, kada a bar kowa ya shiga, wa ya ce a ba shi wannan jiƙon. Ranar da ya cika, zaure ya cika da mutane, ina tsaye cikin babbar riga ina jiran a zo a tambaye ni. Liman ya shigo, ya yi mini ta'aziyya, sai ya waiwaya ya ce, ina wane? Ƙanen nawa yake nema. Shi ya san inda likkafani yake, don tsoho ya saya tuntuni ya ba shi ajiya. Shi ya san majemin da ke bin mu kuɗin fatu, shi ya san mutum biyun da muke bi. Da shi aka zauna ana lissafin bashi kafin a ɗauki gawa, ni ina riƙe da buta. Na yi wata uku ina jin haushinsa kafin in gane bai ƙwace mini komai ba. Shekara goma yana wurin, ni da hutu nake zuwa.

To, Baffa. Bai kyauta ba da ya dizga ka a gaban yaran aiki, kuma akwai wani laifin nasa da ya fi wannan, zan zo kansa. Amma tambayar da ya yi maka, ka amsa mini ita tsakaninka da Allah: me ka sani game da albasa?

Ka taɓa shiga rudu a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40? Manomi a fadamar Goronyo ko Wurno ko Gada ya cire albasa da rani, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Mai jari ya saya ya zuba a rudu, rumfar kara da ake ɗaga ƙasanta don iska ta ratsa, ya jira damina ta yi nisa kaya su yi ƙaranci. Ribar a cikin jiran take, asarar ma a nan take. Albasa na ramewa, tana tsiro, tana ruɓewa daga wuya. Na taɓa zama ina kallon wani tsoho yana tsintar ta: ya ɗauko, ya danna wuyan da babban yatsa, ya kai hanci, ya jefa dama ko hagu, yana hira bai ko duba ba. Hannunsa ya san wadda za ta kai wata uku da wadda dole a rabu da ita a makon. In aka yi sakaci, wari ne zai ba ka labari tun daga bakin hanya. Bayan wannan ga lodi: mota ta kama hanyar Legas ko Anaca ko Fatakwal, in ta lalace a hanya kaya na dahuwa cikin buhu, dillalin can ya sayar, sai daga baya kuɗi su zo, wani lokaci a gutsure.

Saboda haka abin da kake kira jari, kaso mai yawa a cikinsa ba ya cikin akwati. Bashin taki da iri ne a hannun manoman da suka yarda da mahaifinka, da kuɗin kaya a hannun mutanen Kudu da suka san muryarsa a waya. Ko Baffa ya so, ba zai iya juye maka wannan a aljihu ba. Ranar da ka karɓe da ƙarfin tsiya, rabin masu bashin za su daina ɗaukar wayarka.

Babban laifin Baffa shi ne shekara biyu ba a raba gado ba, ko da niyyarsa fara ce tas. Sai dai kai ma ka gyara bakinka. In mahaifinka bai bar iyaye a raye ba, kuma Inna ce kaɗai matarsa, to bayan an fitar da bashi da wasiyya Inna na da sumuni, kashi ɗaya cikin takwas. Sauran a kasa bakwai: kai biyu, ƙanenka biyu, 'yan matan ɗai-ɗai. Daga kowace naira 800, Inna 100, kai 200, ƙanenka 200, kowace yarinya 100. Baffa ba ya da ko kwabo tunda akwai ɗa namiji. Wato kashi uku cikin huɗu na abin da ka je ka ce a ba ka ka juya, na matar da ba ta yi maka magana ne, da yarinyar da ka mara, da ƙannenku. Ka tambaye su kuwa kafin ka tafi?

Ka je gidan Baffa, ba wurin aiki ba, bayan isha'i. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba tun kana ƙarami. Ka ce Baffa, ka yi gaskiya, ban san albasa ba, na zo ka koya mini. Ka roƙe shi ya sa ka cikin yaran aikin nan da ya kunyata ka a gabansu, kaka guda cur: tsinta, ɗinkin buhu, lodi, bin mota. Digirinka ba zai narke ba. Annabi (SAW) ya ce mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri da roƙon mutane, kuma a bakin mutanen garin nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa tufka yake yi ya ci da guminsa. Kana ma da abin da yaran aikin ba su da shi: ka ɗauki littafi ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, wa ake bi, wa ke bi. Irin wannan kasuwa a ka ake riƙe ta, shi ya sa in mai ita ya rasu ake rigima.

Maganar gado kuwa ba kai kaɗai za ka ɗauka ba. Bayan ka shirya da Inna, ku zauna ku duka, ku samu kawunku ko limamin unguwa ko wani aminin mahaifinka, a je wa Baffa cikin mutunci: a ƙididdige abin da aka bari, a rubuta, kowa ya san rabonsa. Ayar nan ta 6 da kanta ta ce in za a miƙa dukiya a kafa shaidu. Bayan an san rabo, in kun ga dama ku bar shi a haɗe Baffa ya ci gaba da juyawa, da yarjejeniya a rubuce da kason wahalarsa. In ya ƙi lissafi sam, an bi shi sau ɗaya, sau biyu, sau uku, kotun shari'a na nan, kuma zuwa can ba rashin kunya ba ne. Amma kada ka fara da nan. Sammaci ɗaya kan kashe zumuncin shekara hamsin.

Tunda a Sakkwato muke, ga labarin ɗa da baffansa. An haifi Muhammadu Bello, ɗan Shehu, a 1781. Lokacin hijira zuwa Gudu a 1804 sa'anka ne, ko ma ka ɗan girme shi. Da ya kafa garin nan a 1809 bai cika 30 ba. Samari na son wannan ɓangaren. Wanda ba su cika kawowa ba shi ne ya yi karatu a gaban baffansa Abdullahi, ya yi shekaru yana yi wa mahaifinsa aike da rubuta wasiƙu. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, sai aka samu 'yar tsama tsakaninsa da baffan. Daga baya tawaye ya taso wa Abdullahi a Kalambaina ta ƙasar Gwandu, Bello ya ɗauki runduna ya je ya kama masa. Masu tarihi sun kawo cewa da suka haɗu bayan nasara, Bello ya yunƙura zai sauko daga doki ya gaida baffansa, Abdullahi ya yi masa alamar ya zauna, shi ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Bello bai je da bakin neman a san ya girma ba. Baffan ne ya faɗa da kansa.

Aure kuma, kada ka yi shi don Baffa. Samari sun haddace rabin hadisin nan: wanda ya samu iko ya yi aure. Ɗaya rabin ya ce wanda bai samu ba ya lazimci azumi. Yau a ina za ka ajiye ta? A gidan da ba a raba ba, ana jiran cefanen Juma'a daga hannun mutumin da kake son nuna wa ka girma? Ka ƙara masa baki ɗaya a lissafi ke nan, ka kuma ba shi shaida a kan maganarsa. Sadaki mai sauƙi ne, mafi ƙarancinsa a mazhabarmu rubu'in dinari. Lefe ma ana sassautawa in an samu surukai masu fahimta. Ci da sha da tufa da wurin kwana su ne ba a sassautawa, kullum, har da ranar da kasuwa ta ƙi. Aya ta 34 a Nisa'i, wadda maza ke son jawowa cewa su ne masu tsayuwa a kan mata, ita da kanta ta ambaci ciyarwa a cikin dalilan tsayuwar. Ga kuma wadda ba za ka so ji ba: hannun da ya mari ƙanwa don ta ce a bari ta huta bai gama koyon zama da 'yar mutane ba. Matar ma za ta gaji wata rana, za ta mayar maka da magana.

Ban ce ka rabu da yarinyar ba. Ka gaya mata gaskiyar halin da kake ciki, ka yanka lokaci mai iyaka, kada ka riƙe ta da zance har manema su watse. In ta jira, alhamdu lillahi. In iyayenta ba za su jira ba kada ka zarge su. Da ƙanwarka ce, kai ma haka za ka yi.

Saura kukan dare, wanda shi kaɗai ne a wasiƙarka ban ga abin gyara a cikinsa ba. Da ɗansa Ibrahim ke gargara, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye. Abdurrahman bin Auf ya ce, har kai ya Manzon Allah? Ya ce wannan rahama ce. Ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Mu Hausawa tun ranar kaciya muke hana yaro kuka, a ce namiji ba ya raki. A gaban wanzami maganar na da amfani. Matsalar ita ce ba mai dawowa ya gaya wa yaron cewa wanzami ya tafi. Ina zaton ba ka samu ka yi makokin mahaifinka ba. Ranar rasuwa aka dafa kafaɗarka aka ce kai ne babba, ka daure. Ka daure shekara biyu, abin ya fito ta tafin hannu.

Ka riƙa zuwa maƙabarta kana yi masa addu'a. Ka samu wani amininsa ya ba ka labarin yadda yake yana shekara 24. Ba a haife shi da rudu ba, shi ma wani ya bi yana ɗinkin buhu. In kuwa abin ya kai ba ka barci, ba ka cin abinci, ko wani ya fara miƙo maka ƙwaya wai ta rage tunani, ka je ka ga likita. Akwai masu wannan fannin a asibitin koyarwa na cikin gari da asibitin Kware, kuma ba sai wanda ya zare ke zuwa ba. In Inna ta sauko, wani dare ka zauna kusa da tabarmarta ka ce ta ba ka labarin Baba. Ita ma tana nata kukan a ɗaki, ɓoye maka take yi don kada ta karya maka zuciya.

Ka sake rubuto mini bayan an kwashe albasar bana. Ina son in ji buhu nawa ka ɗinka, da abin da ƙanwarka ta ce.